GICHIN FUNAKOSHI, BAƘON DA YA KAI KARATE BIRNIN TOKYO

An haifi Gichin Funakoshi a garin Shuri na tsibirin Okinawa cikin shekarar 1868. Shi dai wannan tsibiri yana can kudu da ƙasar Japan, kuma da can yana da sarkinsa da harshensa, sai a 1879 Japan ta haɗe shi cikin mulkinta. Mutanen manyan birane sun daɗe suna yi wa ƴan Okinawa kallon ƙauyawa.

Funakoshi ya taso yaro ne mai yawan laulayi. Yana makaranta ya yi abota da ɗan wani gwanin faɗa mai suna Anko Asato, ta nan ya fara koyon karate, daga bisani ya ƙara a wurin Anko Itosu. A zamanin nan da dare ake koyo, a ɓoye, kuma malami kan sa almajiri ya yi ta maimaita salo ɗaya wata da watanni kafin ya ƙara masa wani. Da haka jikinsa ya yi ƙwari.

Ya ci jarrabawar shiga makarantar likita, amma aka hana shi shiga saboda tukkun da ke kansa, wanda gwamnati ta haramta, danginsa kuwa suka ƙi yarda a aske. Sai ya kama aikin malamin makaranta, ya yi shekara talatin ko fiye yana koyarwa da rana, yana karate da dare.

A 1921 ya nuna wasan a gaban Yarima Hirohito mai jiran gado. Shekara na zagayowa, watau 1922, aka aike shi Tokyo ya nuna karate a wani bikin wasanni na Ma'aikatar Ilmi. Niyyarsa ya gama ya koma gida, amma Jigoro Kano, wanda ya kafa wasan judo, da waɗansu suka roƙe shi ya tsaya ya koyar. Ya tsaya yana da shekara 53, ya bar matarsa a Okinawa.

Zaman bai zo masa da sauƙi ba. Ya sauka a wani masaukin ɗalibai ƴan Okinawa, yana shara da gadi da gyaran lambu don ya biya kuɗin ɗaki, ga shi dattijo mai ilmi. Bai ɗauki wannan abin kunya ba. Sannu a hankali almajirai suka taru, har Jami'ar Keio ta buɗe ƙungiyar karate a 1924.

Don Japanawa su karɓi wasan, ya goyi bayan sake rubuta sunansa. Da can ma'anar karate ita ce hannun Sin, sai aka mai da ita hannu wofi, wato ba makami. Ya kuma ari farar riga da ɗamarar daraja daga judo. A 1935 ya fitar da babban littafinsa, cikin shekarun nan kuma almajiransa suka gina masa makaranta suka sa mata suna Shotokan, daga Shoto, sunan da yake sa wa rubuce-rubucensa.

Koyarwarsa ita ce mai karate ba ya fara kai hari, da ladabi ake farawa, da shi ake gamawa, kuma gyaran hali ya fi cin nasara a kan abokin karawa. Saboda haka bai yi na'am da mai da karate gasa ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya yi masa ɓarna. A 1945 bom ya ƙone makarantarsa, ɗansa Gigo, wanda ake sa ran zai gaje shi, ya rasu da tarin fuka, matarsa kuma ta rasu a 1947. Duk da haka ya ci gaba da koyarwa, aka kafa Ƙungiyar Karate ta Japan a 1949 da shi a matsayin babban malami.

Ya rasu a Tokyo ran 26 ga Afrilu, 1957, yana da shekara 88. Watanni kaɗan bayan rasuwarsa almajiransa suka shirya gasarsu ta farko ta ƙasa baki ɗaya, sa'an nan suka bazu da wasan cikin duniya. A 2021 an yi karate a gasar Olamfik a Tokyo, birnin da ya taɓa yin shara a cikinsa.