Roosevelt, Gurgun Da Ya Mulki Amurka

An haifi Franklin Roosevelt a 1882. A 1921, yana da shekara 39, zazzaɓi ya kama shi, ƙafafunsa suka shanye har ƙarshen ransa. Likitoci suka ce shan inna ne. Amma a 2003 waɗansu masana suka ce wataƙila ciwon Guillain-Barré ne, watau bayan ƙwayar cuta ta wuce, sai garkuwar jiki ta ruɗe, ta far wa jijiyoyin mai ita. Duk da haka sau huɗu ana zaɓensa Shugaban Amurka, yana bisa mulki ya mutu a 1945. Saboda haka muna roƙon malaman Ƙaraye da Rogo, kada su bari gurguntaka ta hana yaro makaranta.