Takaitaccen tarihin Dokta Walter Miller

An haifi Walter Miller, wanda Hausawa suka fi sani da Likita Mila, a Ingila a shekarar 1872.

Bayan ya kammala karatun likita sai ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS, wadda ta tura shi Tarabulus domin koyon Hausa a wurin fatake da mahajjata.

A shekarar 1900 ya iso Kano cikin ayarin Bishop Tugwell, amma Sarkin Kano Alu bai ba su izinin zama ba, ya umarce su da su fice daga birnin.

Sun ja da baya zuwa Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu, saura kuma daga bisani suka watse.

Zaman Zariya

Miller ya sake dawowa Arewa, kuma a 1905 ya samu mazauni a cikin birnin Zariya, inda ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani.

Cikin waɗanda suka yi karatu a makarantar har da Dokta R.A.B. Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita.

Sai dai waɗanda suka karɓi addininsa ba su da yawa, kuma jami'an mulkin mallaka, duk da kasancewarsu Kiristoci 'yan ƙasarsa, sun riƙa kallonsa a matsayin mai neman haɗa su rigima da sarakuna.

Ciwon barci kuma ya ɗaiɗaita ƙauyen Gimi, inda ya taimaka aka tsugunar da mutanen Isawa da suka zama Kiristoci.

A ƙarshen shekarun 1920 ƙungiyarsa ta amince a fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa, matakin da bai yi masa daɗi ba bayan aikin fiye da shekara 20.

Komawa Kano

Daga nan ya koma Kano, a zamanin da harkokin coci ba su wuce unguwannin bayan ganuwa irin su Sabon Gari da Fagge ba.

Rashin goyon bayan 'yan uwansa bai sa ya yi watsi da imaninsa ba. Ya duƙufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aikin da aka buga cikakkensa a 1932.

A 1935 ya ajiye aiki da CMS, amma bayan 'yan shekaru a Ingila ya dawo Najeriya da ƙashin kansa, yana koyar da Hausa tare da rubuta littattafai masu sukar salon mulkin Turawa a Arewa.

Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a shekarar 1952.

Har yanzu ra'ayi ya bambanta a kansa: wasu na tunawa da kakkausar sukar da ya yi wa Musulunci da sarakuna, wasu kuma da hidimarsa ga harshen Hausa da ilmin zamani.