Janar Molan, Baturen da ya ci Kano

Duk mai bin tarihin iyakar da ta ratsa tsakanin Ɗan Barto da ƙasar Daura, tilas ya gamu da sunan Tomas Molan, hafsan sojan Ingila da ya karya Kano.

An haife shi a Mantireyal ta ƙasar Kanada a shekarar 1865. Ya shiga aikin soja a 1884, sa'an nan a 1898 aka turo shi cikin rundunar da Lugga ya kafa a Afirka ta Yamma. A 1901 ya kai yaƙi Yola, aka ji masa rauni, amma ya ci garin, Lamiɗo Zubairu ya fita gudun hijira.

A ƙarshen Janairun 1903, yana da muƙamin kanar, ya taso daga Zariya da dakaru waɗanda ba su kai dubu ba, akasarinsu baƙar fata. Ya fasa Bebeji, ran 3 ga Fabrairu ya shiga Kano. A lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa, ganuwa kuwa ba ta iya tare igwa ba. Ran 15 ga Maris aka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas, ya yi shahada a Burmi cikin wannan shekara.

Faransawa sun riga sun kama Damagaram tun 1899. Da Kano ta faɗi, rabon da Turawa suka yi a takarda ya tabbata a ƙasa. Tsakanin 1906 da 1908 aka shata iyaka, ƴan uwa na jini suka wayi gari ƙarƙashin tuta biyu.

A Yaƙin Duniya na Farko Molan ya jagoranci babbar runduna a Faransa. Ran 1 ga Yulin 1916, a yaƙin Som, dubban sojansa suka hallaka gaban ramukan Jamusawa. Bayan yaƙi ya shugabanci sojan Ingila da ke zaune a Jamus daga 1920 zuwa 1922, ya kai cikakken janar. Ya mutu a ƙasar Suwis a 1925.

Iyakar tana nan har yau, amma ba ta yanke zumunci da fatauci tsakanin Damagaram, Daura da Kano ba.