Sarauniya Mangu: Matar da ta tare wa sojojin Faransa hanya a Lugu

A tarihin Nijar, kaɗan ne matan da sunansu ya yi fice kamar Sarauniya Mangu, shugabar Azna ta garin Lugu da ke ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi.

Sarauniya muƙami ne da mata ke gada a Lugu. Mai riƙe da shi ita ce ke tsakanin mutane da iskokin ƙasa: tana jagorantar tsafi da roƙon ruwa, tana zaman keɓe cikin fararen tufafi tana kaɗin auduga. Idan ta rasu, ana ɗaukar gawarta a bi da ita cikin mutane har ta nuna magajiya, al'adar da ake kira tarkama. Kusa da garin akwai dutsen Tunguma, wanda ake kai wa ƙara don ya bayyana mai gaskiya. Irin wannan matsayi na mace yana nan a jihar Maraɗi, inda Inna ta Gobir ke shugabantar 'yan bori a Tsibiri, cikin gundumar Gidan Rumji.

A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta nufi tafkin Chadi, tana ƙona garuruwa da kashe jama'a. Sarakuna da dama sun miƙa wuya, amma Mangu ta ƙi. Ranar 16 ga Afrilu aka gwabza a Lugu. Maharbanta sun ja daga da kwari da baka, suka kashe wasu sojoji, sannan suka shige dajin da suke ɗauka mai tsarki. Faransawa suka ƙona garin suka wuce ba tare da sun kama ta ba.

Wata uku bayan haka rundunar ta wargaje a yankin Tasawa. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya tsayar da shi, a Dankori. Cikin kwana uku sojojinsu suka yi tawaye suka kashe Chanoine da Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi. Masana tarihi sun danganta abin da zalunci da girman kan shugabannin, amma Azna sun yi imani cewa asirin Sarauniya ne ya haukata su.

Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, su suka kai sunanta duniya. Yau Musulunci ya mamaye yankin, masu bin addinin Azna sun ragu ƙwarai, amma ana ci gaba da tunawa da Mangu a matsayin macen da ta ƙi durƙusa wa Turawan mulkin mallaka.