Dmitri Mendeleev: Malamin da rubuta littafin aji ya kai shi ga tsara jadawalin sinadarai

Duk ɗalibin da ya shiga ajin kimiyya a babbar sakandare, ko a Kiru ne ko Bebeji ko Tudun Wada, abin da ke fara tarar sa a darasin kimiyyar sinadarai shi ne haddar sinadarai 20 na farko, daga haidurojin zuwa kalsiyam. Da yawa sukan haddace su, su zuba a jarabawar WAEC ko NECO, ba tare da sun san dalilin jerin ba. Shi kuwa wanda ya tsara jadawalin, ya yi shi ne domin ya raba ɗalibansa da irin wannan hadda.

An haifi Dmitri Ivanovich Mendeleev a shekarar 1834 a Tobolsk da ke yankin Saiberiya na ƙasar Rasha, kuma shi ne auta a gida mai tarin 'ya'ya. Mahaifinsa shugaban makarantar sakandare ne, amma makanta ta raba shi da aiki. Sai nauyin gida ya koma kan mahaifiyarsa Mariya, wadda ta riƙa gudanar da wata masana'antar gilashi ta danginta. Uban ya rasu a 1847, shekara guda bayan nan gobara ta cinye masana'antar.

Mariya ba ta karaya ba. Ta ɗauki autan nata suka yi tafiyar kimanin kilomita 2,000 zuwa Mosko domin nema masa gurbi a jami'a. Aka ƙi karɓar sa, saboda ƙa'idar lokacin ta ɗaure kowane ɗalibi ga jami'ar shiyyar da ya yi sakandare. Suka zarce birnin St. Petersburg, inda a 1850 ya samu shiga babbar kwalejin horon malamai da mahaifinsa ya taɓa yi. A cikin shekarar mahaifiyar ta rasu.

Ya kammala a 1855 da lambar zinare, sai dai ciwon ƙirji ya sa aka tura shi kudu, ya koyar da kimiyya a sakandare a Odessa. A 1859 gwamnati ta aika shi ƙaro ilimi a Heidelberg ta Jamus. A 1860 ya halarci taron masana a Karlsruhe, inda Ba'italiye Stanislao Cannizzaro ya fayyace hanyar auna nauyin ƙwayar zarra ta kowane sinadari. Wannan awo shi ya zama masa makami daga baya.

A 1867 aka naɗa shi farfesa a Jami'ar St. Petersburg. Da ya rasa littafin da ya gamsar da shi cikin harshen Rashanci, sai ya duƙufa rubuta nasa. A nan ya ci karo da matsala. Sinadarai 63 aka sani a lokacin, amma juzu'in farko ya ƙare bai wuce takwas ba. In ya ci gaba da bin su ɗaya bayan ɗaya, littafin ba zai ƙare ba, ɗalibi kuma ba zai riƙe ba. Dole ya nemo abin da ya haɗa su.

Ya lura cewa sinadarai suna da dangi. Sodiyam da ke cikin gishiri da kanwa, da fotashiyam da ke cikin toka da takin NPK, halinsu ɗaya: ƙarafa ne masu laushi da ke tafarfasa in sun taɓa ruwa. Haka kulorin da buromin da ayodin, su ma gida guda ne. Da ya jera sinadaran daga marar nauyi zuwa mai nauyi, sai ya ga halayen suna maimaita kansu bayan wata tazara, kamar yadda ranar kasuwa ke zagayowa. A watan Maris na 1869 ya fitar da jadawalinsa na farko. Ma'anarsa ga ɗalibi ita ce, in ya san gidan da sinadari yake, ya san yawancin halinsa ko da bai taɓa ganin sa ba.

Bajamushe Lothar Meyer ma ya kai ga irin wannan tsari, har aka ba su lambar yabo ta Davy tare a 1882. Abin da ya fifita Mendeleev shi ne ƙarfin hali. Inda jeri ya ƙi daidaita, ya bar gurbi, ya ce akwai sinadarin da ba a gano ba tukuna. Ɗaya daga cikin guraben yana tsakanin silikon, wanda ke cikin yashi, da kuza irin wadda aka daɗe ana haƙa a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa. A 1871 ya yi hasashen nauyin zarrar wannan baƙo zai kai 72. Da Clemens Winkler ya gano jamaniyam a 1886, nauyin ya kama kusan 72.6. Kafin nan an gano galiyam a Faransa a 1875 da iskandiyam a Suwidin a 1879, duk a guraben da ya keɓe. Wanda ya gano galiyam ya fara auna kaurinsa 4.7, Mendeleev ya rubuta masa cewa ya sake awo. Da aka tace samfurin, sai aka samu 5.9, daidai da hasashensa.

Shahara ba ta sa ya samu sauƙi a gida ba. A 1880 Cibiyar Kimiyya ta Rasha ta ƙi zaɓen sa cikakken mamba. A 1890, lokacin da ɗalibai ke bore, ya amince ya kai takardar kokensu ga ministan ilimi, Ivan Delyanov. Ministan ya mayar masa da ita, shi kuma ya ajiye aikin jami'ar da ya shafe fiye da shekara 30 yana yi wa hidima. Ba ɗan juyin juya hali ba ne, mai biyayya ne ga sarautar Rasha. Amma ya goyi bayan ilimin mata, ya yi nazarin rijiyoyin man Baku, ya kuma dage cewa ƙasa ta sarrafa albarkatunta da kanta maimakon sayar da su ɗanye. Daga 1893 ya jagoranci hukumar awo da ma'auni ta ƙasar.

Yana da nasa rauni. Da tsufa ya zo, ya yi ta jan ƙafa wajen yarda cewa ƙwayar zarra tana rarrabuwa. Sai a 1913 Bature Henry Moseley ya nuna cewa lambar zarra ce ainihin ginshiƙin jerin, kuma a kanta jadawalin yau ya tsaya. A 1906 kyautar Nobel ta kuɓuce masa, aka ba Bafaranshe Henri Moissan.

Ya rasu a watan Fabrairun 1907, ɗalibai suka ɗaga jadawalinsa a jerin masu rakiyar gawa. A 1955 aka raɗa wa sinadari na 101 sunansa, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2019 domin cikar jadawalin shekara 150. Yau sinadarai 118 ne a ciki, ba gurbi ko ɗaya a layuka bakwai ɗin.