Lorenz Böhler: Likitan da Ya Lissafa Asarar da Karaya Ke Jawowa

Idan ka taɓa karyewa, ko ka yi jinyar wanda ya karye, ka san kuɗin asibiti ba shi ne ƙarshen asara ba. Akwai watannin da mutum zai shafe bai fita nema ba. Akwai kuma ƙafar da za ta warke a karkace, ta raba shi da sana'arsa har abada. Wannan asara ta biyu ita ce Lorenz Böhler, likita ɗan ƙasar Ostiriya, ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙi da ita.

An haife shi a shekarar 1885 a garin Wolfurt, ya kammala karatun likita a birnin Biyana a 1911. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1916, aka ba shi kula da wani asibitin soja a Bolzano, wanda yau ke cikin Italiya. Ya mayar da shi asibitin masu karaya da raunin gaɓoɓi, ya kuma ɗauki wata ɗabi'a da ba a saba da ita ba a zamanin: kowane majiyyaci sai an rubuta irin karayarsa, yadda aka ɗora shi, da yadda ya ƙare.

Daga waɗannan bayanai ya tsayar da ƙa'idoji uku. Na farko, a mayar da ƙashi mazauninsa daidai. Na biyu, a tsare shi kada ya motsa har sai ya haɗe. Na uku, majiyyaci ya riƙa motsa sauran gaɓoɓin da ba a ɗaure ba tun daga farko, matuƙar babu ciwo, don kada su sandare, nama kuma ya shanye.

Bayan yaƙi, sai ya ɗauki alƙalumansa ya nufi hukumar inshorar haɗurran ma'aikata da ke Biyana, wadda ke biyan diyya ga waɗanda suka naƙasa a wurin aiki. Hujjarsa mai sauƙi ce: ma'aikacin da aka yi wa ɗori mara kyau, hukumar za ta yi ta biyansa shekara da shekaru, wanda aka yi wa ɗori mai kyau kuwa zai koma bakin aikinsa. Bayan doguwar fafutuka hukumar ta amince, aka buɗe asibitin haɗurra a Biyana a 1925, ya shugabance shi har 1963. Littafinsa kan dabarun ɗorin karaya, wanda ya fito a 1929, an fassara shi zuwa harsuna da dama. Har yau likitoci na auna wata kusurwa mai sunansa a hoton ƙashin dunduniya don gane tsananin karaya.

Tarihinsa bai rasa tabo ba, domin ya shiga jam'iyyar Nazi a 1938. Ya rasu a Biyana a 1973.

Matsalar da ya tunkara ba ta gushe ba. Wani babban binciken cututtuka na duniya ya ƙiyasta an samu sababbin karaya kimanin miliyan 178 a shekarar 2019 kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce haɗurran hanya na jikkata mutum miliyan 20 zuwa 50 duk shekara, suna kuma cinye kusan kashi 3 cikin 100 na tattalin arzikin yawancin ƙasashe. Inda babu inshora, iyali ne ke ɗaukar wannan nauyi.

Don haka, idan karaya ta same ka ko wani naka, ku je asibiti da wuri a ɗauki hoton ƙashi kafin a ɗora. Kada ka cire filasta ko ka taka ƙafa kafin likita ya ba da izini. Ka riƙa motsa yatsunka kullum. Idan kuwa ciwo ya tsananta, ko yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, ko ka daina jin su, ka koma asibiti nan take, domin alama ce ɗaurin ya matse jini.