Walter Tull: Ɗan Ƙwallon da Ya Zama Hafsa, Ya Faɗi a Fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya

A jikin katangar tunawa da sojoji da ke birnin Arras na ƙasar Faransa, an zana sunayen mayaƙa kusan 35,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba. Daga cikinsu akwai Walter Tull, ƙaramin hafsan sojan Birtaniya da aka kashe a ranar 25 ga Maris, 1918, yana da shekara 29.

An haifi Tull a garin Folkestone na Ingila a ranar 28 ga Afrilu, 1888. Mahaifinsa Daniel kafinta ne da ya zo daga tsibirin Barbados, inda kakan Walter ya yi rayuwar bauta, mahaifiyarsa Alice kuwa Baturiya ce. Ta rasu a 1895, mahaifin ya bi ta bayan shekara biyu, aka kai Walter da ɗan'uwansa Edward gidan marayu a unguwar Bethnal Green ta Landan. Daga baya wasu mutanen Glasgow suka ɗauki riƙon Edward, wanda ya zama likitan haƙori.

Ƙwallon ƙafa ce ta fara fito da sunan Walter. Ya ci kofi da ƙungiyar Clapton a 1909, a shekarar kuma Tottenham Hotspur ta ɗauke shi. Bai jima ba ya gamu da cin mutunci daga 'yan kallo saboda launin fatarsa, musamman a wani wasa da aka buga a Bristol. A 1911 ya koma Northampton Town, inda ya buga wasa fiye da 100.

Da yaƙi ya ɓarke, ya shiga soja a Disambar 1914, cikin bataliyar 'yan ƙwallo ta rundunar Middlesex. Ya isa Faransa a ƙarshen 1915, ya tarar da irin yaƙin da aka san wannan fage da shi: sojoji a cikin dogayen ramuka masu taɓo da ɓeraye, tsakaninsu da abokan gaba wayoyi masu ƙaya, ga ruwan harsashin igwa dare da rana. A 1916 aka mayar da shi gida jinya saboda firgitar da wannan hali ya jefa shi ciki. Da ya murmure ya koma, ya halarci ƙarshen gumurzun Somme.

A watan Mayun 1917 aka ba shi muƙamin Sakan Laftanar. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin ƙa'idar soja ta lokacin ta keɓe hafsanci ga waɗanda suke tsantsar jinin Turai. Ya zama ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka jagoranci fararen sojoji a fagen daga.

An tura shi Italiya, inda wani dare ya tsallaka kogin Piave da sojoji 26, suka kai samame, ya dawo da su ba tare da rasa ko mutum ɗaya ba. Kwamandansa, Manjo Janar Sydney Lawford, ya yaba masa kan jarumta da natsuwa.

Da Jamus ta ƙaddamar da babban farmakinta a ranar 21 ga Maris, 1918, bataliyarsa ta riga ta koma Faransa. Kwana huɗu bayan haka harsashi ya same shi kusa da ƙauyen Favreuil. Sojojinsa sun yi ƙoƙarin ɗauko gawarsa ana ta harbi, abin ya gagara.

Wasiƙar da wani abokin aikinsa ya aike wa iyalansa ta nuna an ba da sunansa don lambar yabo ta Military Cross, amma ba a ba shi ba, kuma masu fafutuka sun daɗe suna neman a biya wannan bashi. An kafa masa dutsen tunawa a filin wasa na Sixfields da ke Northampton a 1999, a 2018 kuma gidan waya na Birtaniya ya buga hotonsa a kan sarki.